Jar Fitilar Tarakta: Mu Kāre Ta

'Yan'uwa manoma, jar fitilar nan da ke gaban direban tarakta ita ce ke faɗa masa baƙin mai ya daina zagaya injin. In ta mutu ba a sani ba, injin yana iya bugawa ana tsakiyar huɗa, kuɗin gyara ya cinye ribar ƙungiya.

Ɗaya daga cikin masu kashe ta shi ne solanoyid, wato naɗin wayar da ke buɗe hanyar man dizal in an murɗa makulli. Batir volt 12 yake bayarwa, amma da an kashe makulli sai naɗin ya maido da wuta mai ƙarfi, wani lokaci fiye da volt 100. In waya ɗaya ce ke ba su wuta, ƙwan LED ba ya jimrewa kamar ƙwai mai zare.

Maganin ba shi da tsada. Mu sayi dayod mai lamba 1N4007 wurin masu gyaran rediyo, ko 1N5408 in solanoyid ɗin babba ne. Makaniki ya fara cire wayar nagatif ta batir, sa'an nan ya haɗa dayod tsakanin ƙafafun naɗin biyu, gefen mai zobe wajen fozitif. In ya juya shi, fis zai ƙone.

Kowace safiya kuma direba ya murɗa makulli, ya ga jar fitila ta kama kafin ya ta da injin.