Yadda Cunkoson Birni Ke Haifar Da Sabbin Dabaru

Masana tattalin arziki sun lura cewa duk inda masu sana'a ɗaya suka taru, dabara ba ta ɓuya. Mu ɗauki kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas. Bayan shigowar wayar salula a 2001, masu sayarwa da masu gyara suka cika titin Otigba. Yaron shago yakan ga yadda maƙwabci ya farfaɗo da matacciyar waya, gobe ya gwada, jibi ya ƙara tasa hikimar. Ga masu saye, ga kayan gyara a kusa, gasa kuma ba ta barin kowa ya yi barci. Sai dai tsadar haya da ƙarancin lantarki sun sa akasarin wannan basira ta tsaya a gyara, ba ta kai ga ƙira ba.