Girki Ba Nama: Abin Kunya Ne Ko Dabarar Zaman Duniya?

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan babu abin da ke hana magidanci barci kamar kuɗin cefane. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yunin 2024. Ko da yake farashin hatsi ya ɗan sassauta daga baya, nama kam ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan masu ƙaramin albashi. A gidaje da yawa maigida kan ajiye abin da ya sawwaƙa ya fice cikin sauri, uwargida kuma ta bi kuɗin da kallo, domin ta san idan ta sayi nama babu na mai, idan ta sayi mai babu na nama. Daga nan sai ƙananan maganganu su fara, wani lokaci har su kai ga yaji.

Abin da nake so mu duba tare da mai karatu a yau shi ne, shin dole ne sai da nama tukunya za ta amsa sunanta? Kuma me ya sa muke jin kunyar a ce an yi girki a gidanmu babu shi?

A matsayina na ɗalibin harshe, nakan fara neman amsar kowace tambaya a bakin masu magana. Bahaushe ya ce tuwon girma miyarsa nama. Idan miya ta rasa nama sai a kira ta lami, kalmar da ake amfani da ita ga duk abin da ba shi da armashi, har da zance. Shinkafa da wake da mai da yaji kuwa an raɗa mata garau-garau, sunan da ke kwaikwayon yadda ƙwayoyin ke warwatse a kwano babu abin da ya haɗa su. Waɗannan kalmomi suna nuna mana matsayin nama a zuciyar Bahaushe, wato alama ce ta wadata da karamci da cikar kamalar maigida. Shi ya sa har yau ba mu da kalma guda ɗaya tilo ta kiran mutumin da ya zaɓi barin cin nama, alhali a Ingila tun shekarar 1847 masu wannan ra'ayi suka kafa ƙungiyarsu. Idan aka ga mutum ba ya cin nama a ƙasar Hausa, tambayar farko ita ce, “Likita ne ya hana ka?”

Amma kuma harshen nan dai shi ne ya ba da wata shaidar ta daban. Mai karatu ya gwada lissafa sunayen abincinmu na asali ya gani: ɗan wake, ƙosai, alala, tubani, fate, dambu, kwaɗon zogale, kwaɗon rama, kunun gyaɗa, fura da nono, miyar kuka, miyar kuɓewa, miyar taushe, miyar ayayo, miyar yakuwa. Mafi yawansu ana yin su su yi daɗi ba tare da ko ƙashi ba. Al'ummar da ta tanadi wannan tarin sunaye, ko shakka babu, ta daɗe tana rayuwa a kan hatsi da wake da ganye. Kakanninmu na karkara sun fi ganin nama ranar kasuwa ko ranar suna ko lokacin layya, kuma da wannan cimar suka yi noma, suka yi fatauci har zuwa Gwanja. Hasali ma, fatake da mazauna zango sun bar sawunsu a bakin mutanen Gana, inda har gobe ake sayar da “waakye”, wato wake da shinkafa, da “koose”, wato ƙosai, da “tuo zaafi”, wato tuwon zafi. Abincin da wasu ke yi wa kallon na talaka a Kano, shi ake bin layi a saya a birnin Akkara.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Nama halal ne, ni'ima ce, kuma wanda ke da hali ya ci abinsa cikin godiya. Maganata a kan gidan da ake raba nama ɗan mitsitsi tsakanin mutum goma ce, a tsoma shi a miya don a ce dai an sa, alhali kuɗin da aka kashe a kansa ya isa ya sayi wake ko gyaɗar da kowa zai ci ya ƙoshi. A irin wannan gida sau da yawa tsokar takan tafi kwanon maigida, yara kuma su tashi da romo. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a yankin Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Wannan binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin matan ƙasar nan masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Abin takaicin shi ne, wannan yanki namu shi ne rumbun wake. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wakenmu, Nijar na biye da ita, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ya ga yadda ake loda shi a manyan motoci zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta.

To, me masana abinci suka ce? Busasshen wake yana ɗauke da sinadarin gina jiki, wato furotin, kimanin kashi 24 cikin 100, gyaɗa kimanin kashi 25, waken suya kuwa ya haura kashi 35. Furotin ɗin hatsi yana da giɓin wani sinadari da ake kira laisin, wanda ke da yawa a wake. Na wake kuma yana da nasa giɓin da hatsi ke cikewa. Saboda haka duk lokacin da aka haɗa su, kamar ƙosai da koko, ko shinkafa da wake, ko tuwon dawa da miyar wake, jiki kan sami abin da yake bukata kusan daidai da abin da nama ke bayarwa. Iyayenmu mata ba su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma sun daɗe da gano wannan haɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2016 don dangogin wake, ta kuma ware 2023 don gero da danginsa, abin da ke nuna cewa duniya ce ke dawowa kan kwanon da muke ƙoƙarin turewa.

Sauran al'ummu ma ba su ɗauki wannan cima abin kunya ba. A Indiya miliyoyin mutane, ciki har da attajirai, ba sa cin nama sam, miyar wake da suke kira dal ita ce mahaɗin yau da kullum. A Habasha mabiya cocin Otodoks kan ƙaurace wa nama da madara a ranakun Laraba da Juma'a, sai su ci miyar garin wake mai suna shiro. Kowannensu ya ƙawata girkin da kayan ƙamshi, har baƙo ya ci bai tambayi nama ba.

Bari mu sauko madafa, domin nan ne maganar take. Asirin miyar da ba nama shi ne daddawa. Kalwar ɗorawa da aka dafa aka bari ta ruɓa tana ba da ɗanɗanon da ake nema a romon nama, ita kanta kuma tana ɗauke da furotin. Idan uwargida ta soya albasa har ta yi ja, ta zuba daddawa da citta da masoro da kanumfari da ɗan tafarnuwa, sannan ta sa jajjage ta bari ya soyu sosai, to, rabin aiki ya ƙare. Miyar kuka takan yi kauri da gardi idan aka daka ɗan wake aka fara dafa shi a ruwan miyar kafin a kaɗa kukar. Miyar taushe kuwa kabewa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da alayyafo da ɗan yakuwa sun wadace ta. Awara, wadda ta yaɗu a unguwanninmu bayan bunƙasar noman waken suya, ana iya yanka ta ƙanana a soya a zuba a miyar dage-dage, ta zauna a gurbin tsoka.

Ga misalin yadda mako zai iya kasancewa a gida mai ƙaramin ƙarfi. Da safe a riƙa sauyawa tsakanin koko da ƙosai, kunun gyaɗa, da ɗumamen tuwo. Da rana a yi ɗan wake yau, gobe faten tsaki da wake da rama, jibi dambu da zogale da gyaɗa, gata shinkafa da wake da yankakken tumatir da kabeji. Da dare a yi tuwon dawa ko na masara, a riƙa juya miya tsakanin kuka da kuɓewa da taushe da ayayo. Idan an sami sarari ranar Juma'a sai a sayi nama ko kifi a ci cikin nishaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum, kuma wannan tsari ya fi kusantar da mutum ga wannan adadi a kan farar shinkafa da miyar tumatir mai yanka ɗaya.

Sai dai akwai abubuwan lura, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na farko, akwai bitamin B12 wanda ba a samun sa a tsirrai, kuma rashinsa na jawo ƙarancin jini da lalurar jijiyoyi. Don haka kada a yi wasa da nono da kindirmo da ƙwai, musamman ga yara da masu juna biyu da masu shayarwa. Na biyu, sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da zogale ya fi shiga jiki idan an haɗa da abu mai bitamin C, kamar tumatir ɗanye ko lemon tsami ko gwaiba, shayi kuwa yana rage shigarsa, saboda haka a ba da tazara tsakanin abinci da shayi. Na uku, yawan kanwa yana kashe wasu bitamin na rukunin B; jiƙa wake tun dare yana sa ya nuna da wuri, ya rage cin itace ko gas, ya kuma rage kumburin ciki. Na huɗu, a yi hattara da gishiri da ɗanɗanon ɗunƙule. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali babban abin da ke cikin ɗunƙulen gishiri ne. Mai hawan jini ya kiyaye. Haka nan yawan suya cikin tsohon mai yana ɓata amfanin ƙosai da awara.

Na biyar ya shafi ajiya. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, don haka a tsince ruɓaɓɓu a zubar. Wake kuma wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suna zuba masa maganin ƙwari mai haɗari, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a shekarar 2015. Mafita ita ce a saya da kaka lokacin da yake da araha, a shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, a ɗaure tam. Rashin iska kaɗai ya isa ya kashe ƙwarin. Maƙwabta uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba, maimakon awon gwangwani na kullum wanda ke cinye albashi ba a sani ba.

Bugu da ƙari, duk gidan da ke da ɗan fili a tsakar gida zai iya dasa zogale, wanda cikin 'yan watanni yake fara ba da ganye, ya kuma shuka alayyafo da yakuwa a tsofaffin buhuna da bokitai. Ruwan alwala da na wanke hatsi sun isa ban-ruwa. Ganyen da ya yi yawa a shanya shi a inuwa domin rani.

A nan dole in yi kira ga 'yan'uwana maza. Sau da yawa mu ne muke ɓata fuska idan muka buɗe kwano ba mu ga tsoka ba, alhali mun fi kowa sanin abin da muka bayar. Wasunmu ma kan tsaya wurin mai tsire su cika cikinsu kafin su shiga gida. Adalci shi ne a zauna da uwargida a yi lissafi tare, a yaba mata idan ta sarrafa ɗan kaɗan ya zama mai yawa, a kuma ci abin da yara suka ci a gabansu, domin yaro daga fuskar ubansa yake koyon raina abinci ko girmama shi. Su kuma mata su daina yi wa juna gori a gidan biki da zaman unguwa a kan abin da ke cikin tukunya. Baƙon kirki ma fuska yake duba kafin kwano, tunda an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Daga ƙarshe, ina roƙon malaman makarantu da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da masu shirye-shiryen girki a rediyo da talabijin su riƙa kiran waɗannan abinci da sunayensu cikin girmamawa, su koya wa 'yan mata da samari yadda ake yin su. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tamu miyar ba ta ƙare ba, tana nan a gonakinmu da kasuwanninmu, mu ne dai muka kau da kai. Allah Ya hore mana abin da za mu ciyar da iyalinmu, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke da shi, amin.