Tsamin Teku da Haihuwar Bushiyar Teku

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba, sai dai a taswira ko a littafin labarin ƙasa. Duk da haka hayaƙin motoci da na masana'antu da na dajin da ake ƙonewa yana ƙarewa ne a can. A wannan rubutu za mu duba yadda wannan hayaƙi yake taɓa wata 'yar halitta da ake kira bushiyar teku, musamman a wajen haihuwarta.

Mece Ce Bushiyar Teku?

Wata dabba ce mai siffar ƙwallo, jikinta duk ƙaya, kamar bushiyar da muka sani sa'ad da ta dunƙule. Ba ta da kai, ba ta da ƙashin baya. Bakinta yana ƙarƙashinta, da haƙora 5 waɗanda take kankare gansakuka da ciyawar teku da su daga jikin duwatsu. Akwai irinta wajen 950 a tekunan duniya. Mutanen Japan suna cin wani ɓangare na cikinta, suna kuwa sayensa da tsada, masunta da yawa a ƙasar Chile kuma da ita suke ciyar da iyalinsu. Masana kimiyya ma sun daɗe da saninta, gama a ƙwanta ne wani Bajamushe mai suna Oscar Hertwig ya ga yadda ƙwayar namiji take haɗuwa da ta mace, a shekarar 1875.

Yadda Teku Yake Ƙara Tsami

Duk wanda ya taɓa shiga madafi ya san tsamiya da kanwa abokan hamayya ne, ɗaya tana kashe ƙarfin ɗaya. Masana suna da ma'aunin da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Abin da yake ƙasa da 7 yana wajen tsamiya, abin da yake sama da 7 kuma yana wajen kanwa. Ruwan teku yana wajen kanwa ne, har yau ma haka yake. Amma yana sauka a hankali.

Dalilin kuwa shi ne iskar kabon dayoksaid. Kafin zamanin masana'antu, akwai wajen kashi 280 cikin miliyan na wannan iska a sararin sama. A shekarar 2013 ma'aunin da yake kan dutsen Mauna Loa a Hawai ya nuna ta kai 400, daga baya kuma ta wuce 420. Teku yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane suke fitarwa. Sa'ad da iskar ta narke a ruwa, sai ta zama wani ɗan tsami. Ta haka ne ruwan saman teku ya sauka daga 8.2 zuwa 8.1. Kada mu rena wannan ɗan bambanci, domin a wannan ma'auni kowace lamba ɗaya ninki goma ce. Watau tsamin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Idan hayaƙi ya ci gaba da ƙaruwa ba a rage ba, masana suna lissafin zai iya kai 7.7 ko 7.8 kafin shekarar 2100.

Haihuwa a Fili

Kaza tana kwanciya a kan ƙwanta, akuya tana ɗauke da ɗanta a ciki. Bushiyar teku ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Idan lokaci ya yi, mace takan saki miliyoyin ƙwai cikin ruwa, namiji kuma ya saki maniyyinsa, sai su nemi juna a cikin igiyar ruwa. Ruwan teku shi ne mahaifa, shi ne kuma sheƙa. Saboda haka duk abin da ya canja ruwan, ya taɓa 'ya'yan kai tsaye.

Ƙwayar namiji takan kwanta shiru a jikin uban. Sai ta faɗa cikin ruwan teku, tsamin da yake cikinta ya ragu, sa'an nan ta fara kaɗa wutsiya tana iyo. Ƙarfinta ba ya daɗewa, ruwa kuma yana ta warwatsa ta. A shekarar 2008 Jon Havenhand da abokan aikinsa suka gwada wata irin bushiyar teku ta Ostireliya a ruwan da aka saukar zuwa 7.7. Ƙwayoyin namiji suka rage sauri, waɗanda suke motsi ma suka ragu, ƙwan da suka sami haɗuwa kuma suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ƙwan da ya tsira yakan zama wani ɗan mitsitsin abu wanda ba a gani sosai sai da madubin ƙara girma. Bai yi kama da uwarsa ba, kamar yadda talibambam bai yi kama da kwaɗo ba. Yana da 'yan hannuwa dogaye waɗanda yake iyo da su, yake kuma jawo abinci da su har makonni. A cikin hannuwan akwai 'yan sanduna na sinadari irin na alli da ɓawon ƙwai. Kowannenmu yana iya jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemun tsami ya ga yadda yake kumfa yana narkewa. Tsamin teku bai kai ko kusa da wannan ba, amma yana sa gina ƙashin ya yi wuya. A Japan, Kurihara da Shirayama sun nuna a 2004 cewa ƙarin kabon dayoksaid yana sa 'ya'yan su fito ƙanana, da gajerun hannuwa. A 2013 kuma Meike Stumpp da abokanta suka gano cewa cikin ɗan yana narkar da abinci ne da ruwa mai ƙarfin kanwa, ƙarin tsami kuwa yana rage masa wannan ƙarfi. Ɗan da ya yi jinkirin girma yakan daɗe yana yawo a ruwa, inda masu cinsa suke jira.

Ba Duka Ne Suke Faɗuwa Ba

Gaskiya ta wajaba mu faɗi ɗaya gefen. A waɗansu gwaje-gwajen, waɗansu ire-iren ba su nuna wata illa a haɗuwar ƙwai ba. A Suwidin an ajiye iyaye mata cikin ruwa mai ƙarin tsami. Bayan wata 4 ƙwansu ya ragu ƙwarai, amma bayan wata 16 sun saba, suka koma kamar sauran. A gaɓar Kaliforniya, inda ruwa mai tsami yakan taso daga ƙasan teku tun fil azal, an tarar waɗansu 'ya'yan sun gaji juriya daga iyayensu. Sai dai a tsibirin Iskiya na Italiya, inda kabon dayoksaid yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin teku, an ga bushiyar tana raguwa idan aka matsa kusa da bakin ɓuɓɓugar. Tambayar ita ce, sabo zai iya tafiya da sauri kamar yadda ruwan yake canjawa?

Me Ya Shafe Mu?

A 1983 da 1984 wata cuta, ba tsami ba, ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wata baƙar bushiya mai dogayen ƙayoyi a tekun Karibiyan. Da babu mai kankare gansakuka, sai ciyawa ta rufe duwatsun murjani a Jamaika, inda kifaye suke samun mafaka. Wannan ya nuna mana abin da yakan faru idan wannan 'yar dabba ta ɓace daga wurinta.

Mu ɗalibai muna iya ɗaukar darasi biyu. Na fari, babbar bushiya tana da ƙaya da ƙoƙo mai tauri, amma kwanakinta na fari ne suke yanke ko za a sami wata tsara. Na biyu, hayaƙin da ya tashi a kan tudu ba ya tsayawa a kan tudu. Idan mun ƙi ƙone daji a banza, mun kula da itatuwan da muka dasa, mun kuma mai da hankali a ajin kimiyya, to, mun sa hannu ke nan a aikin da ya kai har bakin teku.