Girgizar Ƙasa da Halin Gidajenmu a Kudancin Kano

Galibin mutanenmu, tun daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, sun ɗauki girgizar ƙasa a matsayin musibar da ake jin labarinta daga nesa, alhali kuwa a watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, cikin jihar Kaduna da muke iyaka da ita, har bangaye suka tsattsage, jama'a suka fice daga ɗakuna a firgice, sannan a Satumba na 2018 mutanen Mpape da ke Abuja suka ga irin wannan.

Malaman ilmin ƙasa sun bayyana cewa duwatsun da ke ƙarƙashinmu suna da tsofaffin tsaguwa, kuma idan nauyi ya daɗe yana matsa su, sai ɓangare guda ya zame farat ɗaya, motsin ya iso doron ƙasa. Alhamdu lillahi, Nijeriya tana nesa da yankunan da manyan girgiza suka fi aukuwa, kuma duwatsun Riruwai, ko da yake asalinsu aman wuta ne, sun lafa tun zamani mai nisa. Amma fa Accra ma ba a irin waɗannan yankuna take ba, ga shi kuwa ta girgiza a 1939, an yi hasarar rayuka.

Abin da ya fi damuna shi ne gininmu. Girgizar da ta afka wa tsaunukan Maroko ranar 8 ga Satumba, 2023, ta halaka mutum kusan 3,000, akasarinsu a ƙauyukan da gidajensu na ƙasa ne, tamkar namu. Domin soron da aka ɗora wa azara da daɓe mai nauyi, idan damina ta ci gindin bangonsa, gara ta cinye itacensa, aka kuma shekara biyu ba a yi masa yaɓe ba, to, motsi kaɗan ya ishe shi ya rufto a kan masu barci. Ginin bulo ma bai tsira ba muddin aka yi ƙwauron siminti da rodi. Saboda haka wajibi ne maigida ya kewaya gidansa da kansa bayan kowace damina, ya duba tsaguwa, ya gyara indararo, ya sauke kaya masu nauyi daga saman gado, kada kuma ya bari a cika zaure da buhuna da babura, tun da shi ne mafita guda.

Idan abin ya auku, Allah Ya kiyaye, wanda ke kusa da ƙofa ya fita tsakar gida, ya nisanci katanga da wayar lantarki. Wanda bai samu hali ba ya durƙusa ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ya kare kansa da wuyansa har motsin ya tsaya. A kashe wutar murhu, a rufe tukunyar gas, kada a yi gaggawar komawa ɗaki, gama sau da yawa wata ƙaramar girgiza takan biyo baya. Masu haƙar kuza kuwa su fito daga rami nan take.

Tawakkali na gaskiya bai taɓa hana riƙo da sababi ba, malamanmu sun sha faɗin haka. Ina roƙon limamai da dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a wannan bayani, kuma duk wanda ya ji ƙasa ta motsa ko ya ga sabuwar tsaguwa, ya kai rahoto ga hakimi da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.