Me Ya Sa Na'ura Ke Ƙin Yatsa?

Da hunturun bara, na'urar ƙofar ɗakin karatunmu ta ƙi yatsana har sau uku, na koma gida ban yi karatun jarrabawa ba. Da na bincika, sai na gano cewa wuraren da layukan yatsa suka yanke ko suka rabu biyu take kwatantawa da waɗanda ta adana. Bushewar fata, gumi, ƙura a gilashi da kaushin hannu duk suna ɓata zanen. Ko a zaɓen 2015, na'urar tantancewa ta kasa karanta yatsan Shugaba Jonathan a Otuoke.

Saboda haka ɗan'uwa, huro wa yatsanka hucin baki, goge gilashin, sannan ka ɗora tsakiyar yatsan. In ta ƙi, nemi a sake yi maka rajista da yatsu biyu.