Jita Mai Araha da Mai Tsada: Inda Ribar Ɗan Kasuwa Take

ABUJA – A Kuchigoro da sauran unguwannin da ke kan hanyar filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, majami'u da ƙungiyoyin makaɗan biki su ne manyan masu bukatar jita mai aiki da lantarki. Tun da gwamnatin tarayya ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, har dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a 2024, zaɓi tsakanin jita mai araha da mai tsada ya zama batun jari ga dillalai da masu ba da hayar kayan kiɗa.

Manyan kamfanonin wannan sana'a biyu ne, dukkansu na Amurka. Fender ya fito da samfurin Stratocaster a 1954, Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952. Kowannensu yana da reshen kaya masu araha. Gibson ya sayi Epiphone a 1957, shi kuwa Fender ya soma sayar da jita da sunan Squier a 1982 domin tinkarar kamfanonin Japan da ke kwaikwayon kayansa. Ana ƙera masu tsadar a Corona ta jihar Kalifoniya da birnin Nashville, yawancin masu arahar kuwa a Sin da Indunusiya. A 2024 ana samun ƙaramar Squier a kan kimanin dala 200 a Amurka, alhali Les Paul Standard ta haura dala 2,500.

Wannan rata ba ta nufin sautin ɗaya ya ninka na ɗayar sau goma. Kaso mai yawa na farashin ladan ma'aikata ne a Amurka, da zaɓen katako, da fenti, da darajar suna. Injinan sassaƙa masu aiki da kwamfuta sun sa gangar jiki da wuyan jita mai araha suna fitowa daidai gwargwado. Inda ake rage kuɗi shi ne maɗauran tsirkiya, da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, da wayoyin ciki, da gogar ƙarafan da ke jere a wuya. Galibin waɗannan ana iya sauya su ko a gyara da kuɗi kaɗan.

Har ila yau, jita ba ta amo ita kaɗai. Sai ta bi ta amfilifaya da lasifika, kuma a filin biki inda janareta ke ruri, da wuya mai sauraro ya bambance ta dala 200 da ta dala 2,000. Saboda haka mai ba da haya da ya kashe jarinsa a kan jita guda mai tsada, ya bar amfilifaya maras kyau ba tare da na'urar daidaita wuta ba, ya yi asara. Kuɗin Gibson ɗaya na iya sayen masu araha da dama tare da kayan sauti, kowacce tana kawo kuɗin haya a ƙarshen mako.

Yanayin Abuja ma abin lura ne. Katako na shan laima da damina, ya bushe da hunturu, sai wuyan jita ya lanƙwashe, bakin ƙarafa ya fito yana kartar hannu. Wannan bai bar mai tsada ba. Dillalin da ya iya daidaita wuya da tsayin tsirkiya kafin ya miƙa kaya, shi ne mai saye zai sake komawa wurinsa.

Amma mai tsada tana da nata gurbin. Tana riƙe sauti, tana jure amfani na shekaru, kuma idan aka zo sayarwa ba ta faɗuwa warwas kamar mai araha. Ta dace da ɗakin ɗaukar waƙa da makaɗin da ya riga ya yi suna. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar ya fara ne da jitar da ya haɗa da katako da wayar birkin keke, sai da sana'a ta kankama ya riƙi Stratocaster yana zagaya duniya.

Babban haɗari shi ne jabu. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles da Long Beach. Don haka wanda zai sari kaya a kasuwar Alaba ta Legas ko ta intanet, wajibi ne ya binciki lambar da ke kan jita da takardun dillali. Epiphone ta gaskiya ta fi Gibson ta jabu, domin wadda ake ba da ita a farashin banza, akwai lauje cikin naɗi.