Yini Guda a Bergen

Jirgin ruwan masu yawon shan iska ba ya daɗewa a tasha. Yakan iso da safe, ya tashi da yamma, wanda ya makara kuwa sai ya bi shi da kuɗin aljihunsa. Tilas mutum ya zaɓi abin da zai gani.

A Bergen, ƙasar Norway, a fara da Bryggen, wato jerin gidajen katako na bakin ruwa, inda fataken Jamus suka kafa zango wajen 1360. Gobara ta cinye su a 1702, aka sake gina su kamar dā. Fataken nan hatsi suke kawowa, su sayi busasshen kifin arewacin ƙasar, irin wanda har yau ake kaiwa Nijeriya. Kamar fataucin goro ke nan, sai dai jirgi ne maimakon jaki.

In da sauran lokaci, a hau Dutsen Floyen cikin ɗan jirgin da igiyar ƙarfe ke ja, wanda aka buɗe a 1918. Amma a riƙe laima, gama ruwan Bergen ba ya jiran damina. Ran da hazo ya rufe dutsen, ni dai gara in tsaya kasuwar kifi.